Shuka Ma Tana Bukatar Likita

Duk wanda ya shiga ajin kimiyya a makarantar nan ya ce kowane ɗalibi ya faɗi abin da yake so ya zama in Allah ya yi masa tsawon rai, da wuya ya ji amsa fiye da uku. Wannan likita, wancan injiniya, na bayansa kuma mai haɗa magunguna. In an sami wanda ya yi ƙarfin hali ya ce shi aikin gona zai karanta, sai ka ga aji ya kece da dariya, har wani ya tambaye shi ko sai an je jami'a ake koyon riƙon fartanya. Iyayenmu ma haka abin yake a wurinsu. Uba manomi ne, kakan ma manomi, amma babban burinsa shi ne ɗansa ya yi nesa da gona iyakar nisa.

Ba na ganin laifin kowa a kan son aikin likita, domin aiki ne na ceton rai. Amma ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu zuwa ga wani irin likita da ba a cika ambatonsa ba, wato likitan shuka. Ra'ayina shi ne, daga cikin yaran da suka fi ƙoƙari a ilimin halittu da na sinadarai, ya kamata a sami waɗanda za su zaɓi nazarin cututtukan tsirrai da ilimin fumfuna da gangan, su bi shi har ƙarshe, su zauna a jami'a da cibiyoyin bincike suna bincike suna koyarwa. Na ce da gangan, domin kowa ya san yadda aka saba: wanda makinsa bai kai na karatun likita ba, shi ake turawa sashen aikin gona, ya tafi yana gunaguni.

Bari mu fara da fumfuna. Kowane ɗan makarantar kwana ya san ta, domin babu wanda bai taɓa buɗe akwatinsa ya tarar burodin da ya ɓoye ya yi kore-kore ba. Wannan abin da muke ƙyama halitta ce mai rai. Ita ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba, masana sun ware mata rukuni nata na kanta. A cikin danginta akwai naman gwari da ke fitowa da damina, akwai yis ɗin da ke kumbura burodi da waina, akwai kuma wadda Alexander Fleming ya gani a ɗakin gwaje-gwajensa a Landan a shekarar 1928, wadda daga jikinta aka samo maganin fenisilin. Ire-iren fumfunar da aka riga aka raɗa wa suna sun kai wajen 150,000, alhali kuwa masana na kyautata zaton waɗanda ke duniya sun haura miliyan biyu. Ashe ke nan abin da aka sani bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma mafi yawan cututtukan da ke kama amfanin gona, daga wannan dangi suke fitowa. Burtuntunar da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari fumfuna ce. Ƙwayoyinta sun fi ƙura ƙanƙanta, suna maƙalewa a jikin iri tun daga masussuka, a shuka su tare da irin, su girma a cikin karan ba wanda ya gani, sai ranar da dawa ta fid da kai. Wani ne ya zauna da madubin likita ya bi diddigin wannan tafiya tata, shi ya sa yau manomi ke iya shafa wa irinsa magani na 'yan kuɗi kaɗan kafin shuka ya huta.

Wanda yake shakkar irin ɓarnar da cutar shuka ke iya yi wa ƙasa, sai ya tambayi kakanninsa labarin dalar gyaɗa. Tun daga lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, gyaɗa ta zama arzikin Arewa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata da ita suka yi suna. Ana jera buhuna har su yi tsini kamar dutse, suna jiran jirgin da zai kai su Ikko. A cikin shekarun 1960 Nijeriya na sahun gaba a duk duniya wajen fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje. To ina dalar take yau? Mutane sukan ce man fetur ne ya kashe ta, kuma akwai gaskiya a ciki, domin da kuɗin mai suka shigo hankalin hukuma ya bar gona. Farin da aka yi a 1972 da 1973 shi ma ya yi tasa ɓarnar. Amma abin da ya ƙarasa ta shi ne annobar kuturtar gyaɗa ta shekarar 1975. A wannan damina kaɗai cutar ta lalata gyaɗa a fili mai faɗin hekta wajen 700,000 a Arewacin Nijeriya, an kuma ƙiyasta asarar ta kai dalar Amurka miliyan 250. Manomi ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, sai ya ga gyaɗarsa ta tsugune, ganyen ya murɗe ya yi rawaya, in ya tona babu komai a ƙasa. Da yawa daga cikinsu ko irin baɗi ba su samu ba. Daga nan suka juya ga gero da dawa da wake, wasu har abada ba su koma ga gyaɗa ba.

Kuturtar gyaɗa ba fumfuna ce ke kawo ta ba, ƙwayar bairos ce, kuma ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan ganye da manoma ke kira darɓa su ke yawo da ita daga shuka zuwa shuka. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda aka yi yaƙi da ita. Masu bincike sun gano cewa in an yi shuka da wuri, aka kuma matse tsakanin ramuka yadda gyaɗa za ta rufe ƙasa da sauri, ƙwarin ba su cika sauka ba. Wannan magani ne da ba ya cin ko kwabo, amma sai da wani ya yi shekaru yana gwaji a fili, yana ƙirga shukar da ta kamu da wadda ta tsira, kafin a tabbatar da shi. Sa'an nan tun cikin shekarun 1950 an sami wata gyaɗar gargajiya a wajen iyakar ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso da Kwaddibuwa, wadda cutar ba ta cika yi mata illa ba. Sai dai kash, tana daɗewa ba ta nuna ba, daminar Kano da Katsina kuwa gajera ce. Sai da aka shafe shekaru masu yawa ana auratayya tsakanin iri da iri, ana zuba musu ƙwari masu ɗauke da cutar don a ga wanda zai jure, kafin a sami mai jure cuta kuma mai nuna da wuri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita da cibiyar ICRISAT suka yi wannan aiki. Ire-iren gyaɗar da ake kira SAMNUT, irin su SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, daga nan suka fito. Manomin da ke shuka su a yau bai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wahalar ba, amma yana cin moriyarsu shi da iyalinsa.

Wannan ke nan cutar da ake gani da ido. Akwai wadda ta fi ta mugunta, domin ita ba ta kashe shukar, mai cin amfanin take bi. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bincika sai aka tarar abincin da aka ba su, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga ƙasar Barazil, yana ɗauke da wata guba. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke yin ta, daga sunanta kuma aka raɗa wa gubar suna aflatoksin. Fumfunar nan tana zaune a cikin ƙasar gonakinmu. Tana shiga gyaɗa da masara tun suna gona, musamman in ruwa ya ɗauke gab da kaka shuka ta sha wuya, sa'an nan ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu in an adana amfanin bai gama bushewa ba. Gubar ba ta da launi, kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Wanda ya daɗe yana cinta kaɗan-kaɗan tana iya jawo masa ciwon dajin hanta, balle in dama yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wanda ya ci da yawa a lokaci guda kuwa yana iya mutuwa cikin kwanaki. Haka ya faru a gabashin Kenya a shekarar 2004, inda mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta gurɓata.

Ku dubi yadda muke yi a gida. In za a kai gyaɗa kasuwa, sai a tsince masu kyau a zuba a buhu, waɗanda suka yamushe ko suka fashe kuwa a bar wa yara, ko a yi ƙuli-ƙuli da su. Su kuwa waɗannan ɗin su suka fi ɗaukar guba. Yanzu sai in tambayi abokaina masu son zama likitoci: in mara lafiya ya zo muku hantarsa ta riga ta lalace, me ya rage ku yi masa? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, rigakafin wannan ciwo kuwa a gona da rumbu yake, a hannun masanin fumfuna.

Kuma an yi abin a zo a gani a kan haka, a nan ƙasar. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, tare da takwarorinsu na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, sun lura cewa a cikin dangin wannan fumfuna akwai waɗanda ba sa yin guba sam. Sai suka bi gonakin Nijeriya suna ɗibar samfur, suka tace, suka zaɓi nau'i huɗu marasa guba. Ana shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, a rina ta shuɗiya don kada wani ya ci, manomi ya watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure. Marasa gubar sai su riga masu gubar kama wuri. Sunan abin Aflasafe, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Wato an kori ɓarawo da ɗan'uwansa. Ni dai ban ga dabarar da ta fi wannan daɗin ji ba a duk abin da muka karanta a ilimin halittu.

A lura da abu guda a nan, domin shi ne ƙashin bayan maganata. Ba a ɗauko fumfunar Amurka aka watsa a gonakinmu ba. Tamu aka nema, wadda ta saba da ƙasarmu da zafinmu. Injin mota in an ƙera shi a Jamus zai yi aiki a Gusau, amma ilimin cutar shuka sai an yi shi a inda shukar take. Baƙo zai iya zuwa ya taimaka na shekara biyu ko uku, amma wa zai zauna yana duba gonakin gero na Daura da na Maraɗi kowace damina har shekara talatin, in ba ɗan ƙasa ba? Wa zai tsuguna a gindin bishiya da tsoho manomi ya fahimci abin da yake nufi in ya ce gonarsa ta yi domana, in ba wanda ya tashi da harshen ba?

Ga shi kuma cuta ba ta zama wuri ɗaya. A tsakanin 1845 da 1849 wata cuta mai kama da fumfuna ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke bin ta, wasu kamar haka suka yi hijira. Binciken da Bajamushen nan Anton de Bary ya yi a kanta yana cikin abubuwan da suka kafa wannan fanni na ilimi. Yau shekara fiye da 170 ke nan, amma cutar nan tana nan tana addabar masu noman dankalin Turawa a Jihar Filato duk lokacin da damina ta yi sanyi da laima. A daminar 2023 kuma wata annobar fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, a wurare irin su Kaciya da Kagarko da Jaba, manoma da yawa suka tashi a tutar babu, farashin citta ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka na iya cinye har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya a kowace shekara. Buhu huɗu ke nan cikin goma.

Wani zai ce, to mun ji bincike, amma me ya kawo koyarwa? Sai in ba shi labarin Norman Borlaug. Shi da farko ilimin gandun daji yake karantawa a Jami'ar Minesota ta Amurka. Wata rana ya je sauraron laccar wani malami mai suna Stakman a kan tsatsar alkama, wadda ita ma fumfuna ce. Laccar ta kama zuciyarsa, daga baya ya koma ɗalibin wannan malami, ya sami digirin dokta a kan cututtukan tsirrai a 1942. Ya tafi Meziko a 1944, ya yi shekaru yana samar da alkama gajera mai jure tsatsa, wadda aka kai Indiya da Pakistan a lokacin da yunwa ke barazana gare su. A 1970 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Shirin Sasakawa da ya shigo Nijeriya a 1992, wanda manoman masara da alkama na Kano da Kaduna suka sani sarai, shi ne ya jagorance shi. Duk wannan daga malami ɗaya a gaban allo. Kuma ko aikin Borlaug bai zama na har abada ba, domin a 1998 an ga wani sabon nau'in tsatsa a Uganda, wanda aka raɗa wa suna Ug99, da ya fi ƙarfin yawancin ire-iren alkamar da ake taƙama da su, sai da masana suka sake ɗaura ɗamara. Fumfuna tana sauya kama, shi kuwa masani tsufa yake yi. In farfesa ya yi ritaya bai bar ɗalibai ba, iliminsa ya tafi da shi.

Hanyar shiga ba ɓoyayyiya ba ce. Ɗalibi ya kyautata ilimin halittu da na sinadarai da lissafi da Turanci, sa'an nan a takardar JAMB ya nemi aikin gona, ko ilimin tsirrai, ko ilimin ƙananan halittu. Digirin aikin gona shekara biyar ne. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen kare amfanin gona. Bayan hidimar ƙasa sai digiri na biyu, wajen shekara biyu, sai na dokta, shekara uku ko fiye. Wanda ya yi fice akan riƙe shi tun da wuri a matsayin mataimakin malami, ya riƙa hawa mataki-mataki gwargwadon binciken da ya yi ya wallafa, har ya kai farfesa. Aikin ma ba zaman ofis ba ne kurum. Da damina yana gona cikin taɓo yana tsinko ganyen da ya kamu, da rani yana ɗakin gwaji yana rainon fumfuna a cikin 'yan faranta na gilashi, a tsakani kuma yana aji.

Na san abin da iyayenmu za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce hanyar ta yi tsawo, ga ƙanne na jiran a taimaka musu. Za su ce malaman jami'a kullum cikin kukan albashi suke, kuma ba su manta da yajin aikin wata takwas da aka yi a 2022 ba. Za su ce wanda ya gama sai ya ga babu kayan aiki, babu wutar lantarki, ƙarshe ya tattara ya tafi ƙasar waje. Duk wannan ba ƙarya ba ne. Amma game da tsawon hanya, shi ma likita shekara shida yake yi, sai shekarar koyon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa, in kuma yana so ya ƙware sai ya ƙara wasu shekarun, kuma ban taɓa jin uban da ya hana ɗansa saboda haka ba. Game da tafiya waje kuwa, ai likitocin ma tafiya suke yi, har sun fi kowa. Maganar albashi ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin cewa wannan aiki zai sa ya gina bene ba. Abin da zan iya cewa shi ne, wanda ya ƙware ba jami'a kaɗai ke nemansa ba. Akwai cibiyoyin bincike na ƙasa da na duniya, akwai kamfanonin iri, akwai hukumar da ke duba tsirrai da amfanin gona a kan iyaka da tashoshin jirage, akwai masu fitar da riɗi da citta da zoɓo waɗanda ba za a karɓi kayansu a Turai ba sai an gwada. Kuma inda masu nema suka yi kaɗan, wanda ya iya ba ya ɓata a cikin taro.

Sauran kuma ya rage ga hukuma. In gwamnati ta bar ɗakunan gwaji babu sinadarai, ta bar malamai suna neman abin kai wa bakin salati, kada ta yi mamaki ranar da wata annoba irin ta 1975 ta afka wa masara ko shinkafa aka rasa wanda zai faɗi sunanta. Ba ranar da gobara ta tashi ake fara haƙa rijiya ba.

'Yan'uwanmu mata ma maganar ta shafe su, ƙila ma fiye da mu. A garuruwanmu mata ne ke ɓarar gyaɗa, su ke tsince ta, su ke matse mai, su ke yin ƙuli-ƙuli da kunun yara. Malamin gona namiji ba ko'ina zai shiga ba, amma mace masaniya za ta shiga har tsakar gida ta nuna wa uwargida ƙwayar da ya kamata a zubar.

Mu ma nan makaranta akwai abin da za mu iya farawa da shi tun wannan zango. Gonar makaranta tana nan, kuma yawancinmu ba mu san ta ba sai in an ba mu horo. Ina roƙon malamanmu na aikin gona da na ilimin halittu su ba Ƙungiyar Matasa Manoma izinin yin amfani da madubin likitan da ke ɗakin gwaji ran Asabar. Kowa in ya dawo hutu ya zo da zangarniya ko ganyen da ya kamu daga gonar gidansu, ya tambayi mahaifinsa sunan da suke kiran cutar da shi da lokacin da take zuwa, mu rubuta a littafi guda, mu busar da samfurin mu manna. Sa'an nan ina roƙon shugaban makaranta, in hali ya yi, a rubuta wa Samaru takarda a nemi izinin kai 'yan ajinmu ziyara kafin lokacin cika takardar JAMB ya zo.